Daga Agadas Zuwa Dirku: Abin Da Motar Hamada Ke Ɗauka

Shekara da shekaru, akwai ranar da ayarin motoci ke tashi daga Agadas zuwa Dirku bisa rakiyar sojoji. Tun kafin ranar ta zo garejojin garin sun ɗauki harama. Ga Hilux an ɗage ta a kan jak, bakanike na kwance ƙarƙashinta yana ƙwanƙwasa safirin ɗaya bayan ɗaya. Ga mai faci yana nutsa tif cikin ruwa yana neman inda iska ke tsiyaya. Can gefe kuma masu sayar da jarka sun jera hajarsu, kowace jarka an ɗinke ta cikin buhun algarara, domin in an jiƙa buhun iska ta buge shi ruwan ciki ya yi sanyi. Tafiyar da ke gabansu kimanin kilomita 600 ce ko fiye, babu kwalta, babu gidan mai, rijiyoyin da ke hanya kuwa ana ƙirga su da yatsu.

A wani ɓangaren duniya, a Ostireliya da Afirka ta Kudu da Amurka, akwai mutanen da ke shiga irin wannan daji don nishaɗi. Mutum ya sayi mota mai jan ƙafa huɗu, ya kashe mata kuɗin da wani lokaci kan kai rabin kuɗin sayenta, ya ɗauki iyali su yi makonni suna yada zango inda dare ya yi musu. Harkar ta zama babbar kasuwa. Kamfanin ARB, wanda Tony Brown ya kafa a Melbon a 1975 yana walda a garejin gidansu, yau yana sayar da bamba da tanti da firji a ƙasashe da dama. Mai buɗe kundin hajar irin waɗannan kamfanoni zai ɗauka ba a shiga daji sai da kayan miliyoyi.

Direban Agadas da ɗan yawon buɗe ido na Melbon ba su san juna ba, amma lissafi ɗaya ke gabansu. Kowace mota akwai iyakar nauyin da za ta ɗauka, kuma duk abin da aka ɗora mata sai an biya shi da mai, ko da taya, ko da safirin.

Lissafin lodi

A jikin ƙofar direba, ko a takardun mota, kamfani yakan rubuta jimlar nauyin da bai kamata a wuce ba. Hilux mai ƙofa huɗu tana ɗaukar wajen tan ɗaya, har da mutanen da ke ciki. Tan ɗaya kamar da yawa, sai an fara lodi ake ganin ƙarancinsa.

A ɗauki mutum biyu da jakunkunansu, kilo 170 ya tafi. Ruwa lita 120, kilo 120 ke nan cif, ban da nauyin jarkokin. Ƙarin man dizal lita 160 ya haura kilo 130. Bambar ƙarfe ta gaba da na'urar jan mota da ake ɗaura mata sukan kusa kilo 100. Tantin kan rufi da ƙarafan da ke riƙe da shi, wani kilo 100 ɗin. Safaya ta biyu kilo 35 zuwa 40. Akwatunan aljihun tebur da ake kafawa a baya, firji cike da abinci, batir na biyu, kayan gyara, shebur, jak, tukunyar gas, buhun shinkafa. Kafin a ce kwabo an kai kilo 900, ba a ma sa yaro ko ɗaya a motar ba.

Shi ya sa a Ostireliya aka samu wata sana'a ta daban, ta masu ƙarfafa ƙafafun mota su samo mata takardar hukuma da ke ƙara mata iyakar lodi. 'Yan sanda a can sukan tare motocin yawo su hau da su sikeli, kamfanin inshora kuma yana iya ƙin biya in aka tarar mota ta wuce ƙa'ida lokacin haɗari. Amma sabon safirin ba ya ƙara wa birki ƙarfi, ba ya kuma ƙara wa ƙashin motar kauri. Bakanikai a ƙasashen da ake wannan yawo sun saba ganin akori-kura da ta lanƙwashe a tsakiya, daidai bayan kujerun baya, saboda an jibge mata nauyi a can ƙarshen bodi aka bi da ita kan gargada.

Wace mota?

Turawa sun fara ratsa Sahara da mota tun a ƙarshen 1922, lokacin da motocin Citroën biyar masu kaca a ƙafafun baya suka tashi daga Tugurt ta Aljeriya suka isa Timbuktu cikin mako uku. Land Rover ta fito a 1948, kuma a 1955 wasu ɗalibai shida na jami'o'in Oxford da Cambridge suka tuƙa guda biyu daga Landan har Singafo. Daga baya Toyota ta ƙwace filin. A 1987 sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Libiya a kan akori-kurar Toyota, har yaƙin ya ɗauki sunan motar.

Wadda masu shiga daji suka fi amincewa da ita har gobe ita ce Land Cruiser samfurin 70, da ta fito a 1984 kuma ake ci gaba da ƙera ta da kusan siffarta ta asali. Injinta da ya yi suna shi ne 1HZ, na dizal, mai silinda shida da lita 4.2, wanda ya fara aiki a 1990. Ba shi da gudu. Ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba, in ya haɗu da hawa sai direba ya yi haƙuri. Abin da ya sa ake ƙaunarsa shi ne babu kwamfuta a jikinsa, famfon mansa na ƙarfe ne zalla, kuma duk bakaniken da ke tsakanin Nuwakshot da Fot Sudan ya taɓa kwance shi ya mayar.

Sababbin injinan dizal sun fi shi ƙarfi da tattalin mai, sai dai ba sa jure mai marar kyau. Man da aka saya a durom a bakin hanya, wanda ƙura ko ruwa ya shiga, yana iya kashe bututun feshin mai da kuɗinsu ya kai na wata ƙaramar mota. Saboda haka mai sabuwar mota da ya san abin da yake yi, kafin ya sayi fitila ko tanti sai ya fara sa ƙarin matatar mai mai raba ruwa da dizal, ya kuma ɗauki wasu na canji.

Tsada ba ta hana mota karyewa. A 2011 kamfanin Mercedes-Benz ya kai motocinsa bakwai samfurin G kan hanyar Canning da ke yammacin Ostireliya, tsohon burtalin shanu mai tsawon kilomita 1,850 da rijiyoyi 51, don ya nuna ƙarfinsu. Gargadar hanyar ta ƙone shokazobar yawancinsu, sai da jirgin sama ya kawo wasu. Wadda ta fita lafiya ita ce mai ƙirar soja, wadda ba ta da kayan alatu.

Taya da iska

Mafi amfanin gyaran da ake yi wa mota a rairayi kyauta ne. Direba ya tsaya a bakin yashi, ya durƙusa, ya danna hancin taya da tsinke ya saki iska. Tayar da ke tafiya da awo 35 ko 40 a ma'aunin masu faci a kan kwalta, sai a sauke ta zuwa 18, in yashin ya yi laushi sosai har 15 ko ƙasa. Tayar ta baje, sawunta ya ƙara tsawo, nauyin motar ya rarrabu, sai ta riƙa shawagi a kan yashin da ɗazu take nutsewa ciki. Wani hafsan sojan Ingila, Ralph Bagnold, yana cikin waɗanda suka fara gwada wannan dabara a hamadar Libiya a shekarun 1920 da 1930 da motocin Ford masu jan ƙafa biyu kawai. Ya kuma haɗa bututu daga lagireto zuwa wani gwangwani domin tururin da ke fita ya koma ruwa, kada a yi asarar ko kofi ɗaya.

Sai dai tayar da aka rage wa iska ba ta son gudu, ba ta son kwana mai kaifi, dutse kuma yana yanka gefenta cikin sauƙi. Da an fita yashi aka hau tsakuwa dole a mayar da iskar. Nan ne famfon lantarki mai aiki da batirin mota yake biyan kuɗinsa, domin wanda ya taɓa cika tayoyi huɗu da famfon hannu a ranar Afrilu ba ya son ya sake. Safaya biyu, tif na canji, faci da gam, da ƙarafan cire taya daga kan rim: waɗannan ba a tafiya babu su.

Duk da haka mota za ta kafe. A nan ake gane gwani. Sabon shiga yakan ƙara taka totur, tayoyi su yi ta haƙa, kafin ya farga cikin motar ya zauna daram a kan yashi. Tsohon direba kuwa da ya ji ta fara nauyi sai ya ɗauke ƙafa. Kowa ya sauka. A ɗauko shebur a kwashe yashin da ke gaban kowace taya har sai an ga haske a ƙarƙashin motar. A zaro faranta biyu na ƙarfe masu huji-huji daga gefen bodi, irin waɗanda asalinsu aka yi don shimfiɗa filin saukar jirage a Yaƙin Duniya na Biyu, a cusa su ƙarƙashin tayoyi. Direba ya sa ƙaramar giya ya tashi a hankali, mutane suna turi. In ta hau ba zai tsaya ba sai ya samu ƙasa mai tauri, ko da nisan ya kai rabin kilomita, yaron mota kuma ya tono farantan da suka nutse ya biyo sawu da su a ka. Yanzu akwai na roba masu launin ruwan lemo, marasa nauyi, irin na kamfanin Maxtrax. Aikin dai bai canja ba. Masu hankali kan bar manyan tuddai sai da sassafe, lokacin da yashi ke da sanyi da ɗan ƙarfi.

Na'urar jan mota mai igiyar waya, wadda ita ce ado na farko da sababbin shiga ke ɗaurawa a gaban mota, tana da amfani a daji mai itatuwa da taɓo. A hamadar Tenere me za a ɗaura wa igiyar? Itace ɗaya tak aka sani a faɗin kilomita 400 na wannan hamada, wata ƙaya da ke tsaye kusa da rijiya a kan hanyar ayarin gishiri, ita ma wani direban babbar mota ya banke ta a 1973. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Wanda ya nace sai ya yi amfani da na'urar a yashi, sai dai ya haƙa rami ya binne safaya ya ɗaura igiyar a jikinta, aikin da ya fi tono motar wahala.

Mai da ruwa

Land Cruiser da ke shan lita 12 ko 13 a kilomita 100 a kan kwalta tana iya kusan ninka haka a yashi mai laushi. Ana lissafin mai ne da mafi munin hali, sannan a ƙara na ɓatan hanya da na komawa baya. Samfurin Troop Carrier da aka daɗe ana sayarwa a Ostireliya tana zuwa da tanki biyu, lita 180, kuma ko ita sai an ƙara mata jarkoki a hanyar Canning, inda daga Wiluna sai an yi kusan kilomita 1,000 kafin a samu famfon mai a ƙauyen Kunawarritji. Jarkar ƙarfe mai lita 20 da hannu uku, wadda Jamusawa suka ƙera a shekarun 1930, har yau ba a yi wadda ta fi ta ba. Wurinta ƙasa ne, tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Jera jarkoki a kan rufi yana yi wa mota kyau a hoto, yana kuma kifar da ita a gefen tudu.

Ruwa ya fi mai tsanani, don in mai ya ƙare mota ce ta tsaya. A lokacin zafi babban mutum yana buƙatar aƙalla lita 5 a yini na sha kawai, in an haɗa da girki da shayi a lissafa 10. Wanka babu shi, alwala ma sau da yawa taimama ce ke tsaya mata. Ba a zuba ruwan duka a tanki ɗaya, saboda huji ɗaya ya isa ya zubar da shi cikin dare ba wanda ya sani. Tsofaffin direbobi har yanzu sukan rataya salka a gefen mota, iskar tafiya tana sanyaya ta.

Abin da ke faruwa in lissafin ya kuskure ba ɓoyayye ba ne a wannan yanki. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga kudancin Nijar. Motoci biyu ne suka ɗauke su, duka suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa sauran. A 2017 wasu 44 suka mutu a kan hanyar Dirku, nan ma mota ce ta tsaya. Waɗannan ba 'yan yawon shaƙatawa ba ne, talauci ne ya fito da su, amma hamada ba ta tambayar dalilin tafiya. Ko masu gata ta ɗanɗana musu. Thierry Sabine ya ɓace a kan babur a 1977 yana cikin tseren Abijan zuwa Nis, da ƙyar aka gano shi, daga nan ne ma ya ƙirƙiro tseren Faris zuwa Dakar da ya yi shekaru yana ratsa Agadas. A 1982 Mark Thatcher, ɗan firaministar Ingila ta lokacin, ya yi kwana shida a ɓace a kudancin Aljeriya bayan motarsa ta karye, sai da jirgin sojan ƙasar ya hango shi.

Saboda haka mota ɗaya ba ta shiga ita kaɗai. Na'urar GPS tana nuna inda mutum yake, amma ba ta san wane yashi ne zai ɗauki mota ba, wannan sai jagora Ba'abzine ko Batube da ya tashi a wurin. Wayar tauraron ɗan'adam, wadda a Sahara aka fi sani da Thuraya, ta fi kowace fitila da za a jera a gaban mota amfani. A hamadar Simpson ta Ostireliya, mai tuddai sama da 1,100, hukuma ta wajabta kafa doguwar tuta a kan mota don kada biyu su yi karo a kan tudu, tana kuma rufe hamadar gaba ɗaya daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris saboda zafi.

Zango

Sai a nan ake zuwa kan kayan da suka fi cika hotuna. Tantin kan rufi ya samo asali ne a Italiya a ƙarshen shekarun 1950, kuma yana da inda ya dace. A Botswana da Namibiya, inda kura da zaki ke zagaya zango da dare, kwana a sama hankali ne, shi ya sa kusan duk Hilux da ake bayarwa haya a Windhuk tana ɗauke da ɗaya ko biyu. A Sahara kuwa nauyi ne kawai a wurin da bai kamata ba. Jagororin Agadas, tun zamanin da Mano Dayak ke kai Turawa tsaunukan Ayar da kamfaninsa na yawon buɗe ido, tabarma suke shimfiɗawa a bayan tudu inda iska ba ta bugu, da katifa 'yar siririya da bargo mai kauri, domin a Disamba da Janairu sanyin dare yakan kusa daskarar da ruwa. Takalmi dai a kakkaɓe shi da safe saboda kunama.

Firji yana da daɗi, amma yana jawo wasu kayan a bayansa. Yana son batir na biyu, da na'urar da ke raba shi da na tayar da mota don kada a wayi gari inji ya ƙi tashi, da faifan sola na wat 100 zuwa 200 in za a kwana biyu a wuri ɗaya. Wanda zai iya rayuwa a kan shinkafa da taliya da dabino da kilishi da garin kwaki ya huta da wannan duka. Abzinawa ma ko tanda ba sa ɗauka. Su kwaɓa fulawa, su share garwashi gefe, su binne ƙullin cikin yashi mai zafi su mayar da garwashin a kai, bayan ɗan lokaci a tono burodin tagella a kakkaɓe a ci da miya, butar shayi na tafasa a gefe. Rumfar da ake warewa daga gefen mota kuwa ta cancanci nauyinta, don daga sha ɗaya na safe zuwa la'asar inuwa ba abin wasa ba ce. Leda mai kauri da sanduna biyu ma suna yin aikin.

Yawon buɗe ido a arewacin Nijar ya durƙushe tun tawayen 2007 da sace-sacen Turawa da suka biyo baya, tseren Dakar ma ya bar Afirka bayan an soke na 2008. Yau ba a shiga Tenere sai da izinin hukuma da rakiya. Mai sha'awar irin wannan tafiya daga Kano ko Kaduna zai fi samun hanya ta wajen Yankari, ko tsaunin Mambila, ko gandun dajin Gashaka Gumti, wanda ya fi kowane girma a Najeriya. A can abokin gaba taɓo ne da rafuka da hawa, don haka farantan yashi su koma gefe, igiyar ja da tayoyi masu manyan haƙora da dogon bututun shaƙar iska su shigo, a kuma tambayi halin tsaron hanya kafin a tashi.

Ko ina aka nufa, bayan an gama lodi, an cika tanki da jarkoki, kowa ya shiga ya zauna, a bi ta wurin sikelin manyan motoci a auna ta. In lambar da ta fito ta wuce wadda ke jikin ƙofa, a koma gida a sauke kaya, a fara da na kan rufi. Ruwa da safaya kada a taɓa su.